Jar miyar da Ɗan'azumi ya rantse a kanta

Wata huɗu na yi a Amurka ban sa nama a bakina ba. Na fara da wannan ne don duk wanda zai ga laifina a abin da ya biyo baya ya san irin yunwar da nake ciki.

Mun je ne a shekarar da naira ta maye gurbin fam. Malam, maigidana, mutumin Toranke ne, ma'aikacin gona a Gaya, aka tura shi kwas ɗin noman rani na wata goma sha takwas. Ni 'yar Balan ce. Da farko ba da ni za a tafi ba, sai mahaifinsa ya ce bai yarda ɗansa ya zauna a garin da ba a jin kiran salla ba tare da mai dafa masa abinci ba. To, an kai mai dafawa. Abin dafawar ne babu.

Ranar da Malam ya fara kai ni babban kantin garin, na tsaya gaban wurin nama ina kallo. A kasuwar Gaya ka san mahaucinka, ka san ubansa, ka ga kan dabbar a ajiye gefen tebur, ka san wanda ya yanka. A can kuwa nama ne jawur cikin leda an jera, ba kai ba ƙafa, na shanu yana gogar na alade a firji ɗaya.

Na ce, “Malam, wa ya yanka?”

Ya ce, “Inji, ina jin.”

“Injin ya yi bisimilla?”

Ya ce in rage murya, mutane na kallonmu.

Ya yi mini bayanin yankan Ahlul Kitabi, abin da ni ma na sani. Na ce a nuna mini Ahlul Kitabin da ya riƙe wuƙar, in ci. Ba a nuna mini ba. Sai muka koma ƙwai, burodi, shayi, shinkafa da mai, da kifin gwangwani har ƙarninsa ya fita raina. Kuka da daddawar da na ƙullo daga gida kuwa, tun a filin jirgi ma'aikata suka kwance, suka shinshina, ɗaya ya toshe hanci ya jefa a kwandon shara ina kallo. Daddawar da innata ta yi da hannunta. Ko sannu bai ce ba.

Ana cikin haka ciki ya bayyana. Abin da nake iya ci ma ya daina zama. Likitar da Malam ya kai ni wurinta, wata mace mai farin gashi, ta ɗora ni a sikeli, ta dubi idona, ta ce wa Malam in na ci gaba da ramewa haka ba ta ba da tabbacin cikin zai zauna ba.

Gidan da muke haya bene ne, mu a sama, mai gidan a ƙasa. Mun sha wuya kafin mu same shi. Gida uku muka je da allon “akwai ɗaki” a taga, ana buɗe ƙofa a ga fuskarmu sai ɗakin ya zama yanzun nan aka kama. Mai gida na huɗun ita ce wata tsohuwa, Roza, gajera mai kauri, kullum cikin baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta. Asalinta mutuniyar Italiya ce, tana yarinya aka kawo ta. Ita ba ta dubi fatarmu ba, takalmanmu ta duba, ta ce a riƙa goge su kafin a hau mata bene. Na sa mata Iya Roza.

Kowace Lahadi tun da sassafe ƙamshi yake biyo matakala ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa: albasa, tafarnuwa, tumatir yana dahuwa a hankali har azahar. In na rufe ido sai in ga kamar gidan suna ake soya miya a Balan. Sai in zauna a kan darduma ina haɗiyar yawu ina istigfari.

Wata Lahadi ta hawo da kanta, tana haki, ɗauke da kwanon tangaran a rufe. Taliya ce da jar miya da nama. Na karɓa da hannu biyu, na durƙusa, na yi godiya. Ban tambaye ta wane nama ba ne. Yaya za a yi tsohuwa ta hawo bene ta kawo maka abinci ka tsaya yi mata tambayoyi? Ci ba zan iya ba, zubarwa kuma zunubi ne. Malam ya juye ya kai wa wani ɗan Gana, Kirista, da suke aji ɗaya. Na wanke kwanon tas. Kuma da yake a wurinmu ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, na ɗauko sabulu mai ƙamshi sabo fil, mafi kyau a cikin kayana, na sa a ciki na kai mata.

Ta buɗe, ta dubi sabulun, ta dube ni, ta rufe ƙofa. Daga ranar ko na gaishe ta sai ta ɗaga haɓa ta wuce. Na ce a raina, ashe ita ma irinsu ce, jinkiri kawai ta yi.

Mutum ɗaya muka sani a garin daga gida, Ɗan'azumi, ɗan Gafasa, abokin ƙanen Malam tun suna firamare a Ajingi. Shekararsa shida a can, yana aiki a gidan mai, yana kuma wani karatu da ba ya ƙarewa. Wando mai faɗin ƙafa, gashi tuli guda, Turawa na ce masa Dani yana amsawa. In ya zo shi da Malam suke hira, ni in kawo shayi in koma gefe.

Wata Asabar ya shigo ya tsaya yana kallona.

“Matar yaya, me nake gani haka? Kin koma kamar karan dawa. In aka aika hotonki Balan ai cewa za a yi yaya ba ya ba ki abinci.”

Malam ya faɗa masa abin da likita ta ce.

“Haba! Don nama? Ai da kun yi magana. Akwai wani gidan abinci na 'yan Italiya, mai wurin abokina ne. Naman shanu zalla yake dafawa, kuma wurin Yahudawa yake saye. Su kun san da wuƙa suke yanka, da sunan Allah. Ku tashi mu je.”

Na ce, “Ka tabbata?”

“Ni zan cuce ki?”

“Ka rantse.”

Ya ɗaga yatsa sama. “Wallahi tallahi. Na rantse da Alƙur'anin da na sauke a Gafasa.”

Ni dai a inda na tashi, in mutum ya kai nan magana ta ƙare. Na ɗauko mayafina.

Ƙaramin wuri ne, tebura da shimfiɗa mai gida-gida ja da fari, hotunan tsofaffi cike da bango. Aka kawo mana burodi mai zafi an shafe shi da man shanu da tafarnuwa. Sannan aka dire mini faranti. Na san taliya tun a gida, ta hannu, wadda ake ci da mai da yaji. Wannan doguwa ce ba ta da iyaka, an lulluɓe ta da jar miya mai kauri, a sama ga dunƙulen niƙaƙƙen nama guda uku, kowanne ya kai curin fura. Na yi bisimilla.

Ba zan yi ƙarya ba, tunda don gaskiya nake rubutun nan. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Naman yana narkewa a baki, miyar ga ɗan tsami ga ɗan zaƙi. Cokali mai yatsun ya gagare ni, taliyar tana zamewa, Ɗan'azumi yana dariya yana nuna mini yadda ake naɗewa. Na cinye tas, na sa burodi na suɗe farantin. Malam yana kallona, idonsa ya kawo ruwa don murna. Ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya tafi wanke hannu.

Yana tashi mai dafa abincin ya fito daga kicin, wani ƙato mai fara'a. Ya ga farantina, ya ga cikina, ya tafa hannu. Ya dafa kafaɗar Ɗan'azumi yana ba shi labari da Turanci cikin alfahari: ai sirrin miyar ƙashin wuyan alade ne, tun asuba yake kan wuta, da jar giya rabin kwalba. Dunƙulen naman kuma rabi naman shanu ne rabi na alade, haka kakarsa take yi.

Ɗan'azumi bai taɓa jin na yi Turanci ba. A zatonsa matar ƙauye ce aka ɗauko daga bakin murhu. Bai san shekara biyar na yi a sakandaren 'yan mata a Kano ba, kunya ce take sa ni shiru a gabansa. Duk da haka na ba shi dama. Na tambaye shi da Hausa, “Me ya ce?”

Ko ƙifta ido bai yi ba. “Cewa ya yi Allah ya sauke ki lafiya.”

Sai na juya ga mutumin, na tambaye shi da Turanci, kalma ɗaya bayan ɗaya, ko alade ya ce. Ya ce e. Na ce ni Musulma ce. Fara'ar ta gudu daga fuskarsa. Ya dubi Ɗan'azumi, ya dube ni, ya ce wallahi babu wanda ya tambaye shi, da an tambaya da ya faɗa. Bare ke nan, wanda bai san alƙibla ba, shi ne ya ji kunya.

Ɗan yankinmu kuwa cewa ya yi, “To ai ga shi kin ci, ba ki mutu ba. Taimakonki na yi, matar yaya. Nan ba Ajingi ba ce. In kika ce sai kin bi komai, yunwa ce za ta kashe ki.”

Malam ya dawo ya same ni a tsaye. Da ya ji, bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne. Abin da ya ce kawai, “Ɗan'azumi, da Alƙur'ani?” Muka fito muka taka da ƙafa har gida, ba mu shiga motarsa ba.

Na yi amai har na ga jini-jini. Na wanke bakina ban san sau nawa ba. Malam ya zauna bakin gado yana ce mini babu zunubi a kan wanda bai sani ba, laifin yana wuyan wanda ya rantse. Na san haka. Abin da ya kasa ganewa shi ne ɗanɗanon bai tafi ba. Ina kan sallaya sai in ji ƙamshin miyar a hancina, yawuna ya tsinke, in ji ina so. Wannan ne abin da Ɗan'azumi ya yi mini. Ya sa na ciyar da abin da ke cikina haram, ya kuma bar ni da kwaɗayinsa.

Daga nan komai na ƙasar ya zama abin zargi a idona. Burodin ma, wa ya san man da aka sa? Kwana bakwai ina kan ruwan zafi da farar shinkafa cokali biyu. Na ce wa Malam ya mayar da ni gida, ko a ƙasan jirgi ne, in haihu a ɗakin innata in da rabon haihuwar. Ya san in na tafi karatunsa ma ba zai yiwu ba, hankalinsa zai rabu biyu. Amma ya dubi wuyana, ya zauna ya rubuta wa ofishin da ya turo shi wasiƙar neman a mayar da ni. Ya liƙe ya ajiye a kan tebur, sai Litinin ya kai gidan waya.

Ranar Lahadi da hantsi, Malam ya tafi ɗakin karatu, na sauko zan kai shara. A tsakiyar matakala ƙamshin nan ya tare ni, jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas. Sai na ji ƙofa ta buɗe.

“Ke, mai sabulu! Me ya same ki?”

Iya Roza ce. Ta kama ni, ƙarfinta kamar na namiji, ta ja ni kicin ɗinta ta zaunar. Ta ɗauko faranti za ta zuba mini daga tukunyar da ke kan wuta. Na ce a'a, na fashe da kuka, na faɗa mata komai tun daga kantin nama har rantsuwar.

Ta buga tebur har cokula suka yi tsalle. Ta yi ta zuba zagi da yarensu, hannuwanta na sama. Sannan ta ce da Turanci, “Namijin da zai yi wa mai ciki ƙarya a kan abinci, uwarsa ba ta gama aikinta ba.” Sai ta tsaya cak. “To abincin da na kai miki fa?”

“Malam ya kai wa wani abokinsa.”

“Ke kuma kika aiko mini da sabulu in wanke ƙazantata.”

Na ce, “Subhanallahi! Iya, a garinmu ba a mayar da kwano babu komai. Shi ne abu mafi kyau da nake da shi.”

Ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata har tana share hawaye da gefen riga. “Mu ma a ƙauyenmu ba a mayarwa wayam. Amma ƙwai ake sawa, yarinya, ko lemo. Sabulu! Mako uku ina shinshina hammatata.”

Ta ce ita ma ta san abin da ake nufi da haramci. Shekara sittin ba ta ci nama ranar Juma'a ba, ko da limamansu suka ce an sassauta ita ba ta sassauta ba. Za ta yi mini miyar Juma'a, wadda ba nama. Ta jawo wata tsohuwar tukunya. Ni kuwa idona ya kafe a kan tukunyar. Ta lura.

“Tukunyar ma?”

Na sunkuyar da kai.

“Uwata ce ta zo da ita daga ƙasarmu,” in ji ta, fuskarta ta ɗaure. Na ce a raina shi ke nan, na sake ɓata. Can ta ja numfashi. “Hau ki ɗauko taki. A'a, zauna, kar ki faɗo mini. Ina kike ajiyewa?”

Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta hau benen nan ta sauko da tukunyata da ludayina da wuƙata. Duk abin da za ta sa sai ta kawo shi gaban hancina. Man zaitun ta tuttula kamar man gyaɗa, man da mu sai alhazai sun kawo a 'yar kwalba ake shafawa don magani. Tafarnuwa. Tumatirin bayan gidanta da ta dafa ta adana a kwalabe. Gishiri. Ta tsinko wani ganye daga tukunyar ƙasa a taga, na shinshina, na ce ai ɗoɗɗoya ce, irin wadda take fitowa bayan ɗakinmu da damina. Ta miƙo mini kwalin taliyar ta ce, “Karanta, tunda ashe kin iya.” Garin alkama ne da ruwa. Na ci faranti ɗaya da rabi, kuma ya zauna.

Ta ce, “To nama fa? Wannan ba zai riƙe mai ciki ba.”

Na yi mata bayani: sai dabbar tana da rai, Musulmi ya yanka da hannunsa, ya ambaci sunan Allah.

“Da rai? Shi ke nan? Wata huɗu kina mutuwa a saman kaina a kan kaza mai rai?”

Litinin da safe Malam ya sauko da wasiƙar a aljihu, ya tarar da ita a bakin ƙofa da jakarta. Ta ce gidan waya ba zai gudu ba. Ta sa mu gaba muka shiga bas har wata unguwa bayan layin dogo, inda mutanensu suke da rumfar kaji masu rai. Warin kashin kaji ya buge ni tun daga nesa, wallahi sai da na yi ƙwalla, kamar na shiga layin 'yan kaji ranar kasuwar Gaya. Mai rumfar ya ce ba a yarda baƙo ya yi yanka a wurinsa ba. Iya Roza ta matsa kusa da shi ta buɗe masa wuta da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga ya cire hula, ya miƙo wa Malam wuƙa. Malam ya gwada kaifinta a farce, ya dubi rana ya gane gabas, ya taka fikafikan, ya yi bisimilla da kabbara. Ma'aikatan wurin suka tsaya suna kallo. Kaji biyu muka dawo da su.

A tukunyata ta dafa su, cikin jar miya da tattasai da albasa, har naman yana saɓulewa daga ƙashi. Na barbaɗa barkono, ta ce na lalata mata miya, sannan ta ɗanɗana ta ƙara a nata. Wasiƙar ba ta je gidan waya ba. Na zauna, kuma a garin na haifi Zainabu, lafiyayya, da kumatu kamar an hura.

Amma kafin haihuwar akwai wata Lahadi. Mun saba a lokacin, mu uku muke cin abincin rana a kicin ɗin Iya Roza, ni da ita mu yi girkin. Muna jera farantai sai ga Malam ya shigo, Ɗan'azumi na bayansa yana murza hula a hannu. Ashe ya tare Malam a makaranta ya ba shi haƙuri, Malam kuma ya yafe, har ya gayyato shi, bai ko shawarce ni ba. Shi aka ba haƙuri. Ni da na yi aman, ni da na kusa rasa cikina, ni ba a ga ya kamata a ce mini komai ba. Maza sun gama a tsakaninsu.

Na ji kamar in kife tukunyar. Amma mutum ya shigo ana zuba abinci, kuma ba a haife ni a gidan da ake korar baƙo da yunwa ba. Na zuba masa taliya, na ɗora masa cinya, na ajiye a gabansa ban dube shi ba. Ya ɗauki cokali, ya ga kowa ya yi shiru, sai ya nemi ya mayar da abin wasa.

“Matar yaya, wannan dai ba komai a ciki ko?”

Iya Roza ta ce, “Me ya ce?”

Na fassara mata daidai, ban rage ba ban ƙara ba. Ta ajiye ludayi ta zuba masa ido.

Na ce, “Ci abinka, Ɗan'azumi. Ni ba sai na rantse ba.”

Ya sunkuyar da kai ya ci har ya kai ƙarshe. A gidanmu baƙo ba ya ganin gindin kwano ba a ƙara masa ba. Shi kam ya ga gindin nasa, ban ƙara masa ba.